Kofin al'ada karo na farko: tambayoyin da mata suka fi yi da amsoshinsu

Duk inda aka tado maganar kofin al'ada tsakanin mata kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke fitowa, wata ta ce ai wannan abin ba zai shiga ba, wata ta ce to in ya shiga ya za a yi a fito da shi, wata kuma tsoronta kar ya wuce ciki ya ɓace. Shi ne na tattaro su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. In kina sauri ki fara da tambayar auna bakin mahaifa, don ni a wurina ita ce uwar duka, da yawa daga cikin waɗanda suka sayi kofi suka jefa shi a durowa ba su auna ba ne kafin su saya.

Wai mene ne ma kofin al'adar nan?

Ɗan ƙaramin kofi ne mai lanƙwasuwa, siffar ƙararrawa gare shi, da 'yar jela a ƙasa. Ana naɗe shi a saka cikin farji, ya buɗe a ciki ya zauna ƙasa da bakin mahaifa yana tare jinin. Bambancinsa da audugar mata (pad) ko tamfon, wato audugar da ake turawa cikin farji, shi ne su tsotse jinin suke yi, shi kuma tara shi yake yi, in ya yi wasu awoyi ki ciro ki zubar ki ɗauraye ki mayar. Yawancinsu suna ɗaukar mililita 20 zuwa 30, akwai ƙanana da ba su kai haka ba, akwai manya da suka wuce. Kusa da bakinsa za ki ga 'yan ƙananan kafofi, kar ki ɗauka aibu ne, su ne ke sa ya manne da kyau kuma su ne ke taimaka miki sakin iskar lokacin cirewa.

Sabon abu ne ko dama can akwai shi?

Ya daɗe, mu ne dai ba mu ji labarinsa da wuri ba. Tun 1937 wata ba'amurkiya 'yar wasan kwaikwayo mai suna Leona Chalmers ta yi rajistar irin nata na roba, sai dai bai samu karɓuwa ba a lokacin. A 1987 aka fito da The Keeper a Amurka, shi ma na roba, sannan a 2002 Mooncup na Ingila ya zo da na silikon, DivaCup na Kanada ya biyo baya. Daga zuwan silikon ɗin ne abin ya yaɗu.

Ba shi da illa kuwa? Ni fa tsoron saka abu a jikina nake yi

Tsoron a kan hanya yake, ba wadda za ta ga laifinki. A 2019 mujallar Lancet Public Health ta buga wani babban nazari da ya haɗa bincike 43 da mata sama da 3,300, kuma abin da suka samu shi ne kofin bai fi pad ko tamfon yoyo ba, a wani binciken ma ya fi su rashin yoyo, bai ɓata ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke kare farji ba, sannan kusan kashi 73 cikin 100 na waɗanda suka gwada sun ce za su ci gaba da shi.

Amma ba su ɓoye matsalolin ba. An samu mata ƙalilan da suka ji ciwo ko rauni, wasu jikinsu bai karɓi abin da aka yi kofin da shi ba, wasu matsalar fitsari, mutum 5 sun kamu da TSS, wata cuta mai haɗari da gubar bakteriya ke haddasawa, 13 kuma robar tsarin iyali ta mahaifarsu, wato IUD, ta goce. Duka waɗannan na yi maganarsu a ƙasa, ki duba tambayar TSS da ta IUD. A taƙaice dai abu ne mai aminci ga mafi yawan mata in an kiyaye tsafta da lokaci, amma ba wai babu abin lura ba ne.

Ta ya zan san girman da ya dace da ni?

Kamfanoni yawanci girma biyu suke yi. Ƙarami ga wadda ba ta kai shekara 30 ba kuma ba ta taɓa haihuwa ta gaba ba, babba ga wadda ta wuce 30 ko ta haihu. Wasu suna ƙara na uku ƙanƙani na 'yan mata masu tasowa. Bambancin faɗin ba wani mai yawa ba ne, milimita 3 zuwa 4 ne kawai, misali 43 da 46, amma a jiki ana jin sa. Sai ki kula da sunayen da suke sa wa girman don kowa da nasa salon, DivaCup lamba 2 ne babba, Mooncup kuma A ne babba B ƙarami, wata sai ta ga A ta ɗauka shi ne na farawa.

Gaskiyar magana wannan ƙa'idar shekaru da haihuwa kintace ne kawai. Akwai mai 'ya'ya uku da ƙarami ke yi mata daidai saboda tsokokin ƙasan mararta na da ƙarfi, akwai 'yar 25 da ba ta haihu ba amma jininta na da yawa sai babba. Wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri sau da yawa ƙarami ke yi mata. Abubuwa uku za ki haɗa: tsayin bakin mahaifarki, yawan jininki, sai ƙarfin tsokarki, kuma na farkon ya fi sauran nauyi, shi ya sa na ba shi tambaya tasa daban.

To ya ake auna tsayin bakin mahaifar?

Lokacin da kike al'ada za ki auna, ba lokacin tsarki ba, domin bakin mahaifa yana motsi, yakan sauko ƙasa in jini ya zo. Ki wanke hannu da sabulu, ki yanke farce in dogo ne, ki tsuguna ko ki ɗora ƙafa ɗaya a kan wani abu, ki saka yatsarki mafi tsayi a hankali har ki taɓo wani abu zagayayye mai ɗan tauri, za ki ji shi kamar kan hancinki, da ɗan lotsawa a tsakiya. Sai ki sa babban yatsa ki riƙe daidai inda yatsar ta tsaya a bakin farji, ki ciro ki duba.

In tun gaɓar farko kin taɓo shi, bakin mahaifarki ƙasa yake, gajeren kofi za ki nema, in kika sayi dogo zai riƙa leƙowa waje yana damunki kuma ba yadda za ki yi da shi, ko kin yanke jelar jikin kofin ma ya yi tsawo. In gaɓa ta biyu ne, matsakaici kike, kusan kowane kofi zai yi. In yatsar ta shige duka da kyar kika taɓo ko ba ki taɓo ba sam, sama yake, dogon kofi mai doguwar jela za ki saya don kar ki sha wahalar kamo shi. Mai son ƙididdiga ta auna yatsar da rula, kamfanoni da yawa suna ɗaukar ƙasa da milimita 45 a matsayin gajere, sama da 55 dogo, sai ki gwada da tsawon da aka rubuta a kwalin kofin.

Ki auna ranar farko ki sake aunawa wajen ƙarshe, don wasu matan nasu yana canzawa sosai a cikin al'ada ɗaya. In ya bambanta, ki saya bisa ranar da ya fi saukowa.

Mai laushi zan saya ko mai tauri?

Kowanne da ribarsa da wahalarsa. Mai tauri yana buɗewa nan take da kin sake shi, yana zama daram, ya fi dacewa da mai motsa jiki ko mai tsoka mai ƙarfi wadda za ta iya matse mai laushi ya lotse. Sai dai yana iya danna mafitsara ki riƙa jin fitsari-fitsari. Mai laushi ba ki ma sanin yana nan, amma sa shi ya buɗe a ciki aiki ne, kuma ga mai koyo wannan shi ne abin da ya fi sa mutum ya fusata. Ni dai shawarata ga mai farawa, matsakaici. In dama kina da saurin jin fitsari ko ciwon mara mai tsanani, ki karkata wajen mai laushi.

Da me ake yin sa, kuma ya zan gane na kirki?

Iri uku ne: silikon irin wanda ake kayan asibiti da shi, roba ta latas, da wata roba mai laushi da ake kira TPE. Silikon ya fi yawa a kasuwa. In kin san jikinki ba ya shiri da latas, irin wadda safar hannu ta roba ko kwaroron roba ke sa wa ƙaiƙayi, ki guji na latas kwata-kwata. Wajen saye kuma ki duba kwali, sunan kamfani da adireshinsa su fito fili, a rubuta abin da aka yi shi da shi, da takardar bayani a ciki. Kofin da ba suna ba bayani, ko yana warin roba mai ƙarfi, ko gefensa na da kaifi-kaifi, ki bar shi, abu ne da zai yi awoyi a cikin jikinki duk wata.

Ban taɓa saduwa ba, zan iya amfani da shi?

Ta fuskar lafiya za ki iya, 'yan mata da yawa suna amfani da ƙarami mai laushi. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, tantanin da ke bakin farji yana iya miƙewa ko ya ɗan yage wajen sakawa da cirewa, kamar yadda tamfon ma kan iya yi. Shi tantanin ba rufe yake ruf ba, dama yana da kafar da jini ke bi, kuma siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace. In wannan abu ne da ke da muhimmanci a wurinki, ki san haka kafin ki yanke shawara, ba dole ba ne sai kin yi amfani da kofi yanzu, zai jira ki. In kuma kin zaɓi gwadawa, ki ɗauki mafi ƙanƙanta, ki yi naɗin turawa ciki da na bayyana a ƙasa, kuma da kin ji zafi na gaske ki tsaya.

Na saya, me zan fara yi?

Ki tafasa shi minti 5 zuwa 10 a ruwa mai yawa, ki bar shi ya huce. Ki zaɓi ranar da kike gida ba ki sauri, ba safiyar da za ki fita aiki ko jarrabawa ba. Rana ta biyu ta al'ada ta fi sauƙi saboda jinin da kansa yana sa santsi. Wasu suna gwadawa kafin al'ada ta zo, ba laifi, amma wurin a bushe yake sai ya fi wuya, kar ki yanke wa kofin hukunci da wannan gwajin. Ki sa pad a watan farko ko na biyu don hankalinki ya kwanta.

Ya ake naɗe shi a saka?

Naɗi uku ne aka fi yi. Na farko ki matse bakin ya baje ki ninka biyu ya zama siffar harafin C, shi ne mafi sauƙin yi amma kansa ya fi faɗi. Na biyu ki sa yatsa a gefe ɗaya na bakin ki tura shi can cikin kofin har ƙasa sannan ki matse, wannan shi nake kira naɗin turawa ciki, kansa siriri ne sosai kuma shi na fi ba mai koyo shawara. Na uku ki baje shi ki lanƙwaso kusurwa ɗaya ƙasa ya yi siffar lamba 7.

Ki wanke hannu, ki jiƙa kofin da ruwa ko ki shafa masa ɗan man santsi mai ruwa-ruwa, ban da mai maiƙo irin su Vaseline don suna lalata roba kuma ba su dace da wurin ba. Ki tsuguna ko ki zauna kan masai ko ki ɗaga ƙafa ɗaya, ki buɗe da ɗaya hannun, sai ki tura shi kina nufar bayanki wajen ƙarshen ƙashin baya, ba sama tsaye ba, nan ne mutane da yawa ke kuskure su ce ya ƙi shiga alhali bango suke tunkara. Ki riƙe naɗin gam har sai jikin kofin ya shige sannan ki saki. Kuma ki saki jikinki 'yar uwa, in kin ɗaure numfashi kin matse, ko wane naɗi kika yi ba zai wuce ba, gara ki ajiye ki sha iska ki dawo anjima.

Wurin zamansa ƙasa da inda tamfon ke zama ne, ba sai kin cusa shi can ƙurya ba.

Ya zan san ya buɗe a ciki?

Wani lokaci za ki ji ɗan motsinsa lokacin da ya buɗe, wani lokaci shiru. Ki zagaya yatsa a gindin kofin, in zagaye yake sumul ya buɗe, in kin ji lotsawa ko ninki bai buɗe ba. Sai ki kama gindin ki juya shi, ko ki ɗan jawo shi ƙasa kaɗan, ko ki danna bangon farjin gefe da yatsa don ya samu wuri iska ta shiga. Gwaji na ƙarshe, ki ɗan ja jelar a hankali, in kin ji yana riƙewa to ya manne.

Jelar tana sukata, in yanke?

Ki yanke, amma bayan kin cire shi, kuma kaɗan-kaɗan, ba a watan farko ba in za ki iya haƙuri don kofi yakan hau sama bayan ya zauna. Wadda bakin mahaifarta ke sama ta bar jelarta yadda take. In kin yanke duka har yanzu kina jin sa a bakin farji, kofin ne ya yi miki tsawo, ki koma tambayar aunawa.

Cirewar fa? Ita ce ta fi ba ni tsoro

Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: kar ki taɓa fizgo shi ta jela. Jelar jagora ce kawai da za ta kai ki gindin kofin. Ki wanke hannu ki tsuguna, ki ɗan yi nishi kamar mai yunƙurin bayan gida don ya sauko, ki bi jelar har ki kama gindin da yatsa biyu ki matse, za ki ji iskar ta saki. In matsewar ba ta isa ba ki zura yatsa ɗaya ta gefe har kusa da bakin kofin ki danna. Daga nan ki riƙa karkaɗa shi hagu da dama kina saukowa da shi, in ya zo bakin fita ki fito da gefe ɗaya tukuna sannan ɗayan, kina riƙe da shi a tsaye kar ya zube.

Karon farko ki yi a wurin wanka, don za ki ɓata hannu kuma wataƙila ya zube, kowa haka ta fara. In bakin kofin na yi miki zafi wajen fita, musamman ta gaba wajen mafitsara, ki ɗan lanƙwasa shi da yatsa ya rage faɗi kafin ya fito.

Na kasa kamo shi, ya ɓace ne?

Bai ɓace ba kuma ba zai ɓace ba, farji ba hanya ce mai zarcewa ba, bakin mahaifa ya tare ƙarshenta kuma kafarsa ba ta isa kofi ya wuce ba. Abin da ke faruwa ya hau sama ne, musamman da safe bayan kin kwana da shi. Kar ki rikice don tsoro na ƙara matse tsoka. Ki tashi ki yi 'yan zirga-zirga na rabin awa, ki dawo ki tsuguna sosai ki yi nishi a jere sau da yawa, zai sauko. Kar ki sa cokali ko hantsaki ko wani abu. In kin yi ta yi ya ƙi kuma lokacin cirewa ya wuce, ki je asibiti ba kunya, ki gaya musu sai an saki iskar kafin a ja, don ba kowace ma'aikaciyar lafiya ce ta saba da shi ba.

Awa nawa zan bar shi, kuma zan iya kwana da shi?

Kamfanoni da yawa sun ce har awa 12, wasu kuma 8 suke cewa, ki bi abin da ke takardar naki kuma kar ki wuce 12 ko da jinin ɗigo ne. Ranakun da jini ke da yawa zai cika tun kafin nan, wata duk awa 4 take zubarwa. Watan farko ki riƙa dubawa da wuri-wuri har ki gane yanayinki. Kwana da shi ba matsala, ki zubar kafin ki kwanta, ki zubar da kin tashi.

Me ya sa nawa yake yoyo?

Ki fara duba yadda kofin yake in kin ciro. In cike yake, lokaci ne ya yi masa yawa ko ya yi miki ƙanƙanta. In rabi ne amma ya yi yoyo, mai yiwuwa bakin mahaifarki ya sauko ya zauna cikin kofin ya cinye wuri, sai ki saka shi ƙasa-ƙasa ko ki nemi mai faɗi. In kuma kusan babu komai a ciki alhali pad ya jiƙe, to ko bai buɗe ba, ko ya wuce ta gefen bakin mahaifar jinin na bi ta bayansa, wannan yana faruwa sosai ga wadda bakin mahaifarta ya karkata gefe ɗaya. Maganinsa ki taɓo inda yake da yatsa tukuna sannan ki nufi kofin wajen.

Sai kafofin nan na bakinsa, in jini ya toshe su ba zai manne ba. Akwai kuma ɗan jinin da dama ya riga ya sauko ƙasa kafin ki mayar da kofin, shi ba yoyo ba ne, ki goge da yatsa ko ki yi tsarki bayan kin saka, ya wuce. In kin gyara duk waɗannan wata uku yana yi, girman ko taurin ne bai dace ba.

Zan iya fitsari da bayan gida da shi?

Ƙwarai, hanyar fitsari daban take. Bayan gida kuma nishi na iya sauko da shi, ki duba bayan kin gama ki wanke hannu ki gyara. In fitsarin na fita da kyar ko kina jin bai ƙare ba, kofin na danna hanyar, ki canza masa zama ko ki koma mai laushi kamar yadda na faɗa a tambayar tauri, kar ki yi ta haƙuri da wannan.

In ina waje, makaranta ko wurin aiki, ya zan wanke?

Sau da yawa ma ba za ki buƙaci cirewa a waje ba tunda yana kai awoyi. In ta kama, ki wanke hannu kafin ki shiga, ki shiga da 'yar gorar ruwa mai tsafta, ki zubar a masai ki ɗauraye ki mayar. In ba ruwa ki goge da tishu, ki tabbata bai bar ɓurɓushi ba, in kin koma gida ki wanke da kyau. Ruwan da ba za ki yarda ki sha ba kar ki wanke kofi da shi.

Ya ake tsaftace shi, kuma me zan yi in ya canza launi ko yana wari?

Cikin al'ada, ruwan sanyi za ki fara ɗauraye shi da shi don ruwan zafi na kama jini ya bar tabo, sannan ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi marar maiƙo ki ɗauraye sosai. Kafofin kuma ki cika kofin da ruwa, ki rufe bakin da tafin hannu, ki kifa ki matse, ruwan zai fita ta cikinsu ya wanke su. In al'ada ta ƙare ki tafasa minti 5 zuwa 10 a tukunyar da kika ware masa, ruwa ya rufe shi, kuma ki tsaya a wurin, kofuna da yawa a gindin tukunya suka ƙone bayan ruwa ya ƙafe. Ya bushe sarai, ki sa shi a 'yar jakar yadin da ya zo da ita, ban da leda ko roba mai murfi da iska ba ta shiga.

Canza launi ba komai ba ne, kowane kofi yana yi, shanya shi a rana na rage tabo da wari. Ban da bilic, ban da Dettol, ban da turare. In warin daga jikinki ne, da ƙaiƙayi ko ruwa mai wani launi, wannan maganar likita ce, ki ajiye kofin har ki warke.

Ina da robar tsarin iyali ta cikin mahaifa, IUD, zan iya?

Ki fara magana da wadda ta saka miki. Haɗarin shi ne ki haɗa da zaren ki ja ba ki sani ba, ko ki ja kofin iska ba ta saki ba, robar ta goce ko ta fito, kuma an samu waɗanda hakan ta faru da su kamar yadda na kawo a tambayar illa. In ta amince, ki roƙa a rage tsawon zaren, ki bar watannin farko bayan sakawa su wuce, ki saka kofin ƙasa-ƙasa, ki riƙa sakin iska gaba ɗaya kafin ki ja, ki kuma riƙa taɓa zaren bayan kowace al'ada. In kin ji ya ƙara tsawo, ko ba ki ji shi ba, ko kin taɓo robar kanta, ki ɗauka kariyar ba ta nan har a duba ki. Mai ashanar hannu, allura ko ƙwaya ba ruwanta da wannan.

Bayan haihuwa fa, ko lokacin saduwa?

Jinin biƙi ba a sa masa kofi, haka bayan ɓari ko tiyata ta gaba, jiki na da rauni kuma bakin mahaifa bai gama rufewa ba, ƙwayoyin cuta na iya shiga. Ki jira a duba ki, yawanci wajen sati 6, sannan ki sake aunawa don kofinki na da ba lallai ya yi miki ba. Saduwa kuma ba a yi da shi a ciki, kuma ba ya hana ɗaukar ciki ko cuta.

Mece ce TSS ɗin da ake ta faɗa?

Cuta ce da gubar wasu ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, musamman Staphylococcus aureus, an fi saninta da tamfon tun wajen 1980, amma an samu 'yan lokuta da kofi ma. Ba kasafai take faruwa ba, sai dai in ta zo tana da sauri kuma tana kisa. Alamunta zazzaɓi mai zafi kwatsam, amai ko gudawa, jiri ko suma, ciwon jiki, da jan kurji a fata. In kin ga haka kina sanye da kofi ko kin cire bai daɗe ba, ki cire ki tafi asibiti a lokacin, ki faɗa musu kina al'ada kuma da kofi kike amfani. Wadda ta taɓa yin TSS kar ta sa kofi ko tamfon sai da izinin likita.

Jinina na da yawa sosai, kofi zai iya da ni?

Zai iya, ya ma fi tamfon ɗauka, babban tamfon gram 9 zuwa 12 yake sha, kofi kuma ya ninka haka. Wani amfaninsa da ba a cika faɗa ba, yawancinsu suna da layin awo a jiki, sai ki san ainihin abin da kike zubarwa maimakon kintace. Yawanci mace na zubar da mililita 30 zuwa 40 a al'ada ɗaya, in ya wuce 80 likitoci na ɗaukarsa mai yawa, ko da yake abin da ke taruwa a kofi ba jini zalla ba ne, da wasu ruwaye a ciki. In kina cika babban kofi duk awa 2, ko gudaji manya na fita, ko al'adar na wuce kwana 7, ga kasala da jiri, ki rubuta awon ki kai wa likita a duba ki, har da gwajin ƙarancin jini.

Shekara nawa yake yi, kuma yaushe zan san wannan kofin ba nawa ba ne?

Na silikon mai kyau yana iya kai shekara 10 a faɗar wasu kamfanoni, wasu kuma suna cewa a canza tun kafin nan. Jikinsa za ki duba: in ya tsage, ya fara danƙo, yana fitar da gari-gari, ko wari ya ƙi fita bayan tafasawa, ya gama aiki. Kuma ba a aron kofi ba a ba da aro.

Game da sabawa, ki ba kanki al'ada 2 zuwa 3 kafin ki ce bai yi ba. In bayan haka yana leƙowa, gajere za ki nema, in kullum sai kin yi fama kafin ki kamo shi, dogo, in yana danna mafitsara, mai laushi, in ya ƙi buɗewa, mai ɗan tauri. Akwai kuma wani iri mai faɗi kamar faifai da ke zama can sama bayan ƙashin mara ba tare da riƙon iska ba, wasu da kofi ya ƙi su shi ke yi musu. Amma in zafi kike ji duk lokacin da wani abu zai shiga, ko yatsa ma, ko kina jin kamar wani abu na saukowa daga ciki, ki ajiye maganar kofi tukuna ki ga likitar mata.